Yadda Manhajar Ajiye Kwafi Take Kare Bayanan Kwamfuta: Faɗakarwa Ga Ma'aikata Da Al'ummar Anka, Gummi Da Bukkuyum

Gabatarwa

A yau da wuya mutum ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma, ko babban asibiti, ko makarantar sakandare a yankin Anka da Gummi da Bukkuyum bai tarar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ko da guda ɗaya ba. Ayyukan da a da ake rubutawa cikin manyan littattafai sun koma cikinta: jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, sakamakon jarrabawar ɗalibai, rajistar manoman da suka karɓi taki, lissafin ƙungiyoyin gama-kai, da wasiƙun ofis. Littafi idan ya jiƙe akan shanya shi a ceci wasu shafuka, idan gara ta ci gefensa akan karanta abin da ya rage. Kwamfuta kuwa tana iya tafiya da aikin shekara goma cikin dare ɗaya, ba tare da ta bar ko shafi guda ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manhajar da ke ajiye kwafin bayanai da kanta take aiki, da irin asarar da take tarewa, da kuma sharuɗɗan da sai an cika su kafin a dogara da ita.

Muhimmancin bayanai a wannan yanki

Al'ummar wannan yanki sun san darajar bayanin da aka adana. A watan Maris na shekarar 2010 ne aka gano matsalar gubar dalma a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya kuma Bagega, sakamakon sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Jinyar waɗanda suka rayu, wadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar tare da hukumomin lafiya, ta dogara ne a kan gwajin jini da ake maimaitawa watanni da shekaru, domin da sakamakon baya ake sanin ko guba na raguwa a jikin yaro ko kuwa ya sake kamuwa. Irin wannan bayani idan ya salwanta ba a sake samunsa, tunda ba a komawa baya a ɗebi jinin bara.

Haka lamarin yake ga takardar ɗaukar ma'aikaci aiki da ake nema ranar lissafin fansho, da takardar shaidar gona da ake nema ranar da rikicin iyaka ya taso. Kowane fayil da ke cikin kwamfutar ofis, haƙƙin wani bawan Allah ne ke rataye da shi.

Hanyoyin da bayanai ke salwanta

Hanya ta farko ita ce lalacewar ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar. Tsofaffin kwamfutoci suna ajiye bayanai a kan faifai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai karatu da ke shawagi a samansu, tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Faɗuwa ɗaya, ko jijjigar babur a kan hanya mai ramuka, ta isa ta haɗa allurar da faifan. Sababbin kwamfutoci suna amfani da ma'ajiyar da ake kira SSD, wadda ba ta da abu mai juyawa. Ta fi jure jijjiga, amma ita ma tana mutuwa, sau da yawa ba tare da ta nuna wata alama ba. Zafin bazara, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar aiki, da hauhawar ƙarfin wutar janareta, duk suna rage wa kwamfuta kwana.

Hanya ta biyu ita ce kuskuren ɗan Adam: a goge fayil bisa kuskure, ko a rubuta lissafin wannan wata a kan na watan jiya, ko mai gyara ya wanke kwamfutar gaba ɗaya domin ya sake zuba mata manhaja, bai tambayi abin da ke ciki ba.

Hanya ta uku ita ce ƙwayoyin cutar kwamfuta. Duk mai yawo da filash tsakanin ofis da shagunan buga takardu ya san irin cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar hotunansu na bogi. Akwai wadda ta fi wannan muni, wato manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle duk fayilolin da ta tarar, sannan ta nemi a biya kuɗin fansa. A watan Mayu na 2017, wata irinta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har wasu asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya.

Hanya ta huɗu ita ce rasa kwamfutar ɗungurungum, ta hanyar sata ko gobara ko ruwa. Ambaliyar da ta afka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa, ta nuna cewa ruwa ba ya ware takarda ko na'ura. Matsalar tsaro da ta sa mutanen wasu ƙauyuka barin gidajensu cikin gaggawa ita ma tana cikin wannan rukuni.

Mene ne ajiye kwafi, kuma me ya sa sai da manhaja?

Ajiye kwafi shi ne a sami wani kwafi na fayiloli a wata ma'ajiya dabam, ta yadda idan na asali ya salwanta za a dawo da shi. Manomi ya daɗe da sanin wannan hikima, domin ba ya zuba irin shuka cikin hatsin da ake ɗiba kullum. Yakan ware shi, ya killace shi inda ɓera da ruwa da hannun yara ba su kaiwa.

Ma'aikata da yawa suna cewa ai suna kwafe aikinsu a filash. Matsalar ita ce wannan dabara ta dogara ne a kan tunawa. Yau an yi, gobe taro ya taso, jibi an ɗauke wuta, har wata uku ya wuce. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi sai a duba filash a tarar da aikin bara. Amfanin manhaja shi ne ta ɗauke wa mutum nauyin tunawa. Sau ɗaya ake saita ta, a gaya mata abubuwa uku: waɗanne jakunkunan fayil za ta kwafa, ina za ta kai su, da kuma bayan wane tsawon lokaci. Daga nan sai ta ci gaba da aikinta a ɓoye, mai kwamfuta yana nasa.

Yadda manhajar take aiki

A karo na farko manhajar takan kwafe dukkan fayilolin da aka zaɓa. Wannan shi ne cikakken kwafi, kuma yakan ɗauki lokaci. Bayan haka ba ta sake kwafe komai da komai. Takan riƙe jerin sunayen fayiloli da girmansu da lokacin da aka taɓa kowane ɗaya a karo na ƙarshe. Idan lokacin aiki ya yi sai ta gwada jerin da abin da ke cikin kwamfutar, ta ɗauki sababbin fayiloli da waɗanda aka yi wa gyara kaɗai. Alal misali, idan ofis yana da fayil 4,000, aka taɓa guda 6 a ranar Talata, waɗannan 6 ɗin kawai za ta kwafa. Wannan ya sa aikin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci, kuma ma'ajiya ba ta saurin cika.

Abu na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne manhajar ba ta goge tsohon kwafi idan ta ɗauki sabo. Tana jera su bisa kwanan wata. A ɗauka wani akawu ya ɓata jadawalin albashi ranar Litinin, ba a lura ba sai ranar Alhamis. Wanda yake kwafewa da hannu ya riga ya rubuta ɓataccen a kan mai kyau. Mai amfani da manhaja kuwa sai ya buɗe tarihin fayil ɗin, ya zaɓi yadda yake ranar Juma'ar da ta wuce, ya dawo da shi. Haka nan idan cuta ta kulle fayiloli, ana komawa ga kwafin da aka ɗauka kafin shigowarta, matuƙar cutar ba ta kai ga ma'ajiyar kwafin ba.

Akwai kuma nau'in kwafi da ke ɗaukar hoton kwamfutar baki ɗaya, har da Windows da sauran manhajojin da aka zuba. Da shi ake tayar da sabuwar ma'ajiya ta koma tamkar tsohuwar. Yana cin wuri da yawa, don haka akan yi shi jefi-jefi, a bar kwafin fayiloli yana tafiya kullum.

Yawancin kwamfutoci sun zo da irin wannan manhaja kyauta. Kamfanin Microsoft ya sanya File History tun cikin Windows 8 a shekarar 2012, kuma tana nan a Windows 10 da 11. Idan ba a sauya saitinta ba, duk bayan awa ɗaya take ɗaukar kwafi. Kwamfutocin Apple suna da Time Machine tun 2007, wadda ke riƙe kwafin kowace awa na kwana ɗaya, da na kowace rana na wata ɗaya, da na kowane mako na abin da ya wuce haka.

Inda ake kai kwafin

Kwafin da ke cikin kwamfutar da ake son karewa ba shi da amfani ranar da ta mutu. Wurare biyu ne aka fi kai shi.

Na farko shi ne faifan ajiya na waje, wanda ake jonawa da wayar USB. Ba ya buƙatar intanet, kuma yana da sauri. Rauninsa shi ne idan yana zaune kusa da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ko gobara ɗaya za ta haɗa su duka, kuma idan yana jone a lokacin da cutar garkuwa ta shigo, shi ma za ta kulle shi. Filash tana da amfani wajen ɗaukar fayil daga nan zuwa can, amma saurin ɓatanta da lalacewarta sun sa ba a mayar da ita rumbu.

Na biyu shi ne ma'ajiyar intanet, inda fayiloli ke tafiya zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani a nesa. OneDrive tana ba da gigabait 5 kyauta, Google Drive kuma 15, wanda ake rabawa da saƙonnin Gmail da hotuna. Ga takardun rubutu wannan wuri ne mai yawa, domin gigabait ɗaya yana ɗaukar dubban wasiƙu. Hotuna da bidiyo ne ke saurin cinye shi, su kuma cinye data. Ruwa ko wuta a Gummi ko Anka ba ta kaiwa ga wannan ma'ajiya, amma sai da layin sadarwa ake isa gare ta. Jama'a ba su manta ba cewa a farkon watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda dalilan tsaro, kuma a ƙananan hukumomi da dama ba a maido da su ba sai wajen ƙarshen watan Nuwamba. Duk wanda ajiyarsa ta tsaya ga intanet kaɗai, a irin wannan lokaci ba ya iya aikawa, ba ya iya ɗaukowa.

A nan akwai wani abin lura. Yawancin manhajojin ma'ajiyar intanet aikinsu shi ne daidaita abin da ke cikin kwamfuta da abin da ke can. Idan aka goge fayil a nan, can ma zai goge. Yakan zauna a kwandon shara na kimanin kwana 30 a asusun mutum na kansa, daga nan ya tafi. Wanda bai lura da ɓatan fayil ba sai bayan wata biyu, ya makara.

Saboda kowane wuri da rauninsa, masana suka tsaya a kan ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: a sami kwafi 3 na duk bayani mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam. A ofishin ƙaramar hukuma, wannan na nufin fayilolin da ke cikin kwamfuta, da faifan waje da manhaja ke zuba wa kwafi kullum, da kwafi na uku a intanet ko a faifai na biyu da aka kulle a wani gini. Inda layi ba shi da ƙarfi, sai a yi amfani da faifai biyu ana musanya su duk ranar Juma'a: ɗaya yana aiki, ɗaya yana ajiye.

Matakan saitawa a kwamfutar Windows

1. A tattara fayilolin aiki cikin jakunkunan da manhajar ke dubawa, wato Documents da Pictures da Desktop. Abin da aka watsar a wasu wurare yana iya kuɓuce mata.
2. A tanadi faifan waje wanda girmansa ya ninka na fayilolin aƙalla sau biyu, a keɓe shi ga wannan aiki kaɗai. Kada a riƙa ba da aronsa don kwafar finafinai ko waƙoƙi.
3. A jona faifan, a buɗe Control Panel, a shiga File History, a zaɓi faifan, sannan a kunna.
4. A shiga Advanced settings domin zaɓar tazarar lokaci. Inda wuta ba ta daɗewa, gara a gajarta tazarar domin manhajar ta sami damar aiki kafin a ɗauke.
5. A bari kwafin farko ya kammala, da cikakken caji ko tsayayyiyar wuta.
6. Idan an tashi aiki, a cire faifan ta hanyar da ta dace, a kulle shi nesa da kwamfutar. Da safe a sake jona shi.
7. Idan ofis yana amfani da wata manhaja ta musamman don albashi ko rajistar marasa lafiya, a tambayi wanda ya girka ta inda take ajiye bayananta, domin sau da yawa ba ta ajiyewa a jakunkunan da aka ambata.

Gwaji shi ne tabbaci

Manhaja tana iya daina aiki ba tare da kowa ya sani ba, saboda faifai ya cika, ko waya ta kwance, ko an sauya kalmar sirri. Wannan ya taɓa faruwa ga manyan kamfanoni ma. A shekarar 1998, ana cikin shirya fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka bai wa kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin. Da aka koma ga kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe ba ya ɗaukuwa daidai. Abin da ya cece su shi ne kwafin da ke kwamfutar wata ma'aikaciya da ke aiki daga gida bayan ta haihu.

Don haka, sau ɗaya a kowane wata, a duba kwanan watan kwafi na ƙarshe, a zaɓi fayil guda a dawo da shi ta hanyar Restore personal files, a buɗe shi a ga ya karantu. Aikin minti biyar ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sirri da haƙƙin doka

Faifan da ke ɗauke da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki, ko bayanan marasa lafiya, amana ce. Duk wanda ya tsince shi zai iya karanta abin da ke ciki, sai fa idan an kulle shi da makullin sirri. Wasu nau'o'in Windows suna da BitLocker don wannan aiki. A sani cewa idan kalmar sirri da lambar ceto suka ɓace, bayanan sun tafi ke nan, ko ga mai su.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk hukuma ko kamfanin da ke riƙe da bayanan mutane alhakin kare su daga ɓata, da lalacewa, da faɗawa hannun wanda bai dace ba. Dokar ce kuma ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Ke nan ajiye kwafi wani ɓangare ne na aikin ofis. Kafin a ɗora bayanan jama'a a ma'ajiyar intanet ta wani kamfani, wajibi ne a nemi amincewar shugaban ma'aikata, kuma a bi ƙa'idojin da hukuma ta shimfiɗa.

Kira ga shugabannin sassa da sauran jama'a

Ya kamata kowane shugaban sashe, da shugaban makaranta, da jami'in da ke kula da asibiti, ya ɗora wa mutum guda alhakin wannan aiki a rubuce, tare da mataimaki. A buɗe asusun ajiya da adireshin ofis, kada a buɗe da na ma'aikaci, domin ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, bayanan ofis za su bi shi. A rubuta kalmar sirri a rufe cikin ambulan, a ajiye wurin shugaba. A sanya faifan ajiya cikin kayan da ake miƙawa a takardar barin ofis. Kafin a kai kwamfuta wurin mai gyara, a tabbatar an ɗauki sabon kwafi. Ofisoshin da har yanzu ke amfani da Windows 10 su sani cewa Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, wanda hakan ya ƙara buƙatar kwafi mai inganci.

Ga 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma da ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu, ƙa'idar ɗaya ce. Wanda ba shi da kwamfuta sai waya, ita ma tana da wurin da ake kunna ajiyar lambobi da hotuna a asusun Google, haka ma WhatsApp. Yana da kyau a ɗauki hoton takardun gona da na makaranta da na asibiti a ajiye ta wannan hanya, tare da ci gaba da killace na asali, domin su ne hujja a gaban hukuma.

Kammalawa

Kuɗin faifan waje guda bai kai ko kusa da wahalar sake tattara bayanan shekaru ba, balle waɗanda ba su sake tattaruwa. Manhajar tana nan cikin kwamfuta, kunnawa kawai take jira. Abin da ya rage ga ma'aikaci shi ne ya raba wa kwafin wuri, ya kuma riƙa gwada shi duk wata. Ana kira ga duk jami'in da ke riƙe da kwamfutar ofis a Anka da Gummi da Bukkuyum da ya duba tasa tun kafin ƙarshen wannan mako.

Allah Ya kiyaye mu daga asara, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.